Aron Kunne da Aron Ido: Dogayen Kalmomin Turanci a Labaran da Muke Karantawa a Waya

Da babbar sallar da ta wuce na je gida Gafasa, can ƙasar Ajingi, na yi kwana huɗu. A dare na biyu, bayan isha'i, muna zaune a tsakar gida, sai ƙanwata ta ɗauko waya ta shiga karanta wa Gwaggo labari, irin waɗannan da ake turowa shafi-shafi a WhatsApp. Gwaggo ba ta yi boko ba, amma ba ta yarda a tsallake mata ko layi ɗaya. Karatu yana tafiya sumul, muryar yarinya tana hawa tana sauka yadda Hausa take so, har aka zo inda maigida yake yi wa matarsa faɗa. Marubuciyar ta sa masa wata doguwar kalmar Turanci a baki, responsibility, a tsakiyar jimlar Hausa. Nan yarinya ta ci birki. Ta fara, ta tsaya, ta sake farawa, daga ƙarshe ta haɗiye rabin kalmar ta wuce.

Gwaggo ta ce, "Ke, me ya ce mata?"

"Turanci ne, Gwaggo."

"Na ji Turanci ne. Ai ko Turanci ne yana da yadda ake faɗinsa."

Yarinya ta juyo wajena ta ce, "Yaya, don Allah faɗa mata."

Na faɗa sau biyu. Gwaggo ta maimaita, kalmar ta fito daga bakinta kamar risfansabiliti. Kowa ya yi dariya, har da ni, amma kunnena ya kama wani abu. Ta ɗaga murya a kan bi, daidai inda Bature yake danna kalmar, ta sauke ta a ƙarshe. Yarinyar da ta yi shekara shida a sakandare, wadda take kallon haruffan da idonta, ita ce ta kasa gano inda za ta sa ƙafa. Tsohuwar da ba ta ga harafi ko ɗaya ba ta samu wurin a ji na biyu.

Tun daga wannan dare nake karanta labaran nan da wani ido daban. Ƙorafina a kansu guda ɗaya ne, kuma ba shi ne ƙorafin da aka saba yi ba, na cewa marubutan yanzu suna gurɓata Hausa da Turanci. Hausa ta fi shekara ɗari tana cin Turanci, ba ta ƙware ba. Abin da ya sauya shi ne ƙofar da kalmar take shigowa. A da ta kunne take shigowa, a tauna ta, sannan a rubuta. Yanzu ta ido take shigowa, a kwafe ta ɗanya a ajiye a tsakiyar jimla, a bar wa mai karatu aikin taunawa.

Sai an san abin da doguwar kalmar Turanci take ɓoyewa kafin a gane nauyin da aka ɗora wa mai karatun. A Hausa gaɓa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da wani baƙin da ya rufe. Ko kalmar da muke rubutawa da wasali a farko, kamar aiki ko ido, akwai alhamza a gabanta, ba ma dai rubuta ta ne. Shi ya sa duk tsawon kalmar Hausa, yaro ɗan aji biyu zai yanka maka ita: ma-ka-ran-ta, di-mo-ku-ra-ɗiy-ya. Turanci kuwa yana jera baƙaƙe uku a farkon gaɓa, ya jera har huɗu a ƙarshenta. Kalmar strengths haruffa 9 ce, wasali ɗaya, gaɓa ɗaya. Kalmar comfortable ido yana ganin gaɓa huɗu, bakin yawancin masu harshen uku yake furtawa. Rubutun ba ya gaya maka komai a kan wannan.

Abu na biyu ya fi wuya. A kowace kalmar Turanci mai gaɓa fiye da ɗaya akwai gaɓar da ake dannawa: ta fi sauran tsawo, ta fi su ƙarfi, galibi murya tana ɗagawa a kanta. Sauran gaɓoɓin kuma ba a barin su yadda suke, wasulansu yamushewa suke yi su koma wani ɗan guntun sauti tsakanin a da i. Kuma dannin yana ƙaura. Ana cewa PHO-to-graph, amma pho-TO-gra-phy, amma pho-to-GRA-phic. Tushe ɗaya, wuri uku. Ana cewa DE-mo-crat, de-MO-cra-cy, de-mo-CRA-tic. Wani lokaci ma ma'anar ce take rataye a kan dannin: RE-cord suna ne, re-CORD aikatau ne, haruffa kuwa iri ɗaya.

Ni aikina rubuta manhaja ne, saboda haka na san wahalar da wannan ya ba masu kwamfuta. Lokacin da Donald Knuth yake gina TeX, manhajar tsara rubutun littattafan lissafi da kimiyya, sai da ɗalibinsa Frank Liang ya yi digirin digirgir sukutum a Jami'ar Stanford, a 1983, a kan tambaya ɗaya: in kalmar Turanci ta kai ƙarshen layi, a ina kwamfuta za ta yanka ta? Amsar da ya samo ba doka ba ce. Tarin guntayen haruffa ne har 4,447, waɗanda duk da yawansu kusan kashi 89 cikin 100 na wuraren yankan suke ganowa. Wurin yankan layi ba kullum yake daidai da rabuwar gaɓa a baki ba, amma ciwon ɗaya ne. A ɓangaren danni kuwa, masu koya wa na'ura magana sun daɗe suna dogaro da ƙamusun furuci na Jami'ar Carnegie Mellon, mai kalmomi fiye da 130,000, inda aka bi kowane wasali aka liƙa masa 0 ko 1 ko 2 don nuna ƙarfinsa. Wato an haƙura, an koma jera su ɗaya bayan ɗaya. Na taɓa zama wani maraice na rubuta ɗan umarnin da yake yanka kalmomin Hausa gaɓa-gaɓa. Bai kai layi ashirin ba. Da zarar ka sanar da kwamfuta cewa sh da ts da ky da gw da 'yan'uwansu baƙi ɗaya ne kowanne, an gama. Mu kanmu masu wannan sana'a dogayen kalmomin Turanci sun ishe mu: internationalization, mai gaɓa takwas, i18n muke rubutawa, mu ƙirga haruffa 18 da suke tsakiya mu huta.

To wannan ne kayan da marubuciyar ta miƙa wa ƙanwata da dare, a hasken waya, ba tare da ko alama ba.

Yanzu a dubi yadda magabata suka yi da irin wannan kaya. Turawa sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, daga nan kalmomi suka yi ta kwararowa ta bariki da tasha da gareji da kotu. Waɗanda suka karɓe su sojoji ne da direbobi da kanikawa da masinjoji, mafi yawansu ba su taɓa ganin kalmar a takarda ba. Shaidar haka tana cikin kalmomin. Wanda ya ga colonel a rubuce zai ce kolonel. Bahaushen bariki ya ji abin da Bature ya faɗa, gaɓa biyu, ya ce kanar. Babu f a cikin haruffan lieutenant, amma Baturen Ingila da f yake furta ta, ga ta nan kuwa a laftanar. Resident gaɓa uku ce a takarda, ta tsakiyar ba ta da ƙarfi, sai aka yar da ita aka ce razdan. Sergeant-major ta koma samanja. Inda kuma baƙaƙe suka cunkushe, sai a buɗe su da wasali, kowane baƙi ya samu wurin zama: clutch ta zama kuloci, plug ta zama fulogi, spanner ta zama sifana, steering ta zama sitiyari. Sarauniyarsu ita ce screwdriver, gaɓa uku, wadda ta miƙe ta zama sukurudireba, gaɓa shida. Ba mu kaɗai muke haka ba. Japanawa sun ɗauki strike mai gaɓa ɗaya sun mai da ita sutoraiku.

Wannan kowa ya sani. Abin da ba a cika lura da shi ba, kuma shi ne ya fi burge ni, shi ne yadda aka yi da dannin. Hausa ba ta da danni irin na Turanci, karin sauti take da shi, hawa da saukar murya. Sai kunnen Bahaushe ya fassara ɗaya zuwa ɗaya. Faɗi siminti a hankali ka saurari kanka: ƙasa, sama, ƙasa. Bature yana cewa ce-MENT. Faɗi farfesa, darakta, kwamanda, akanta, sufeto: duka ƙasa, sama, ƙasa, domin duka a gaɓa ta biyu ake danna su a Turanci. Yanzu faɗi manaja, minista, kafinta: sama, sama, ƙasa, domin waɗannan a gaɓar farko ake danna su. Gwamna da soja, sama, ƙasa. Gaɓar da ta zo kafin danni tana sauka, mai dannin tana hawa, ta ƙarshe tana sauka. Har wasalin da aka cusa a farko don raba baƙaƙe, kamar fi ɗin firamare, yana sauka ne ya ba ra hanya ta hau. Sau da yawa ma sai a ƙara wa gaɓar dannin tsawo, kamar fe a sufeto da farfesa. A sufeto an yar da in ɗin farko gaba ɗaya, an riƙe wadda take da ƙarfi. William Leben ya yi nazarin wannan tsari a wata maƙala a 1996, kuma akwai kalmomin da suka kauce masa, amma ba sai ka karanta shi ba. Kalmomin suna bakinka.

Ma'anar wannan ita ce bakanike a Wudil da yake cewa kwandasta yana ɗauke da dannin con-DUC-tor daidai a cikin karin muryarsa, alhali ɗan jami'a yana iya kuskure shi. Tsofaffin kalmomin aron nan tamkar faifai ne da aka naɗi furucin Turawan da suka zauna a nan.

Akwai ma abin da ya fi haka kusa. Ɗaya daga cikin dokokin danni a sunayen Turanci masu gaɓa uku ko fiye, wadda aka gado daga Latin, kuma Chomsky da Halle suka shimfiɗa a littafinsu na 1968, a kan nauyin gaɓa take. Ka dubi gaɓa ta biyun ƙarshe. In mai nauyi ce, wato tana da dogon wasali ko baƙi ya rufe ta, ita ake dannawa: a-GEN-da, ve-RAN-da, a-RO-ma. In marar nauyi ce, sai danni ya ja baya taki ɗaya: CI-ne-ma, CA-na-da, a-ME-ri-ca. Dokar tana da togaciya da yawa, Turanci ne. Amma wa ya kai Bahaushe sanin nauyin gaɓa? A kansa aka gina karin rubutacciyar waƙarmu tun zamanin masu jihadi. A kansa jam'in sunaye da yawa yake tafiya. Lokacin da Paul Newman ya rubuta maƙalarsa ta 1972 da ta jawo hankalin masana harshe ga nauyin gaɓa, Hausa da 'yan'uwanta na iyalin Cadi ne manyan hujjojinsa. Yaron Gafasa da ya yi tajwidi ya san bambancin wasali mai madda da marar madda, ya san baƙi mai ɗauri. Rabin ilimin yana hannunsa kafin ya shiga ajin Turanci.

Amma ba ta wannan ƙofa ake shigar da shi ba. A jarrabawar kammala sakandare ta WAEC a Nijeriya, takardar Turancin baka da fensir ake amsa ta. Ana rubuta kalma sau huɗu, kowace da gaɓa daban cikin manyan baƙaƙe, a ce ka zaɓi daidai. Ɗan yayana yana da littafin tsofaffin tambayoyi, na ga ya bi ya ja layi a ƙarƙashin amsoshi yana haddacewa kamar lambobin waya. Haka mu ma muka yi. Malaminmu yakan cika allo da kalmomi, mu kwafe, ban tuna ranar da ya furta su mu maimaita ba. Sai da na shiga jami'a na gano da kaina cewa duk kalmar da ta ƙare da -tion ko -ity, gaɓar da take gab da wannan ɗafin ake dannawa, haka ma mafi yawan masu -ic, in ka cire irin su A-ra-bic. Layi biyu ne a allo. Da su kaɗai ƙanwata za ta san cewa bi ce gaɓar da take nema. Marubutan labaran waya daga irin waɗannan azuzuwa suka fito. Turancin da suka samu na ido ne, shi suke zubawa a shafi.

A nan ya kamata in yi wa marubutan adalci, domin suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Haka mutane suke magana. Ka zauna a ofis a Kano ko ɗakin kwanan ɗalibai mata a jami'a, za ka ji jimla ta fara da Hausa ta ƙare da Turanci. Marubucin da ya sa likita ɗan shekara talatin yana zance da Hausar Magana Jari Ce ya yi mana ƙarya. Kuma Turanci a bakin ɗan wasa yana aiki: yana nuna aji, yana nuna taƙama, wani lokaci makami ne. Mijin da ya jefi matarsa da responsibility yana tuna mata ne cewa shi ya yi karatu ita ba ta yi ba. In haka marubuciyar ta nufa, to tuntuɓen da mai karatu ya yi a kan kalmar yana cikin labarin, kuma na yaba mata.

Sai dai na bi shafukan labarin daga baya, na bi na wasu da dama, na ga ba haka abin yake ba galibi. Dogayen kalmomin ba a bakin 'yan wasa kaɗai suke ba, suna cikin muryar mai ba da labari. Za ka ga an rubuta cewa unfortunately motar ta lalace, ko an samu misunderstanding tsakaninsu, ko ta shiga ɗaki immediately. Babu wanda ake nuna wa aji a nan. Kalmar ce kawai ta riga zuwa yatsa. Kuma Hausa ba ta rasa abin cewa ba: cikin rashin sa'a, saɓani, nan take. Kowace daga cikinsu ta fi ta Turancin sauƙin faɗi, kuma ba ta katse numfashin jimla. Gajerun kalmomi ba su dame ni ba. Irin su sori da oke sun riga sun zauna, ko an rubuta su da haruffan Turanci baki ya san yadda zai yi da su. Masu gaɓa huɗu da biyar da shida su ne matsalar, domin a nan ne mai karatu yake bukatar sanin inda zai yanka da inda zai danna, kuma shafin ya yi shiru. Wata shaidar aron ido ita ce yawan kuskuren haruffa a cikin kalmomin: harafi ya faɗi a tsakiya, wani ya ninku. Hoton kalmar ake tunowa, ba sautinta ba, hoto kuwa yana dusashewa.

Wani zai ce ai karatun zuci ake yi, ido yana wucewa. Wannan bai san masu karatun Hausa ba. Labarin Hausa har gobe abin ji ne. Ana karanta littattafai a gidajen rediyo, tashoshin YouTube da suke karanta labaran nan da murya suna da ɗimbin masu saurare, kuma a gidaje irin namu mutum ɗaya ne yake karanta wa biyar. Ka saurari masu karantawar nan da kyau in sun iso irin wannan kalma. Wasu su rage murya su ruga ta kanta, wasu su tsaya su gyara zama su yi mata furucin ɗan jarida, jimlar Hausar da ta ɗauko su ta mutu a nan. Jimlar Hausa tana da gangara, murya tana farawa sama tana sauka a hankali har aya. Kalmar da ba a ba ta karin sauti ba kamar dutse ce a tsakiyar wannan gangara.

A waƙa abin ya fi muni, kuma a nan ba ni da sassauci. Karin rubutacciyar waƙar Hausa lissafi ne na gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Duk gaɓar da ta shiga ɗango dole a san nauyinta. In mawaƙi ya rubuta strategy da haruffan Turanci, gaɓa nawa ya ba ni? Uku in na karanta kamar Bature, biyar in na buɗe baƙaƙen kamar yadda bakina yake so. Ɗangon ba zai daidaita a duka biyun ba. Mawaƙin ya san wanda yake nufi, domin shi ya rera a ransa, amma bai rubuta abin da ya rera ba. Ina ganin wannan a waƙoƙin da matasa suke sakawa a Facebook, wasunsu masu kyakkyawan tunani, sai ka zo tsakiyar baiti ƙasa ta zame. Mawaƙan da suka gabata ba su guji kalmar aro ba, amma wadda suka ɗauka sun auna ta da ma'aunin Hausa kafin ta shiga layi. Alhaji Aƙilu Aliyu, wanda ya yi waƙa sukutum mai suna Hausa Mai Ban Haushi yana yi wa masu wulaƙanta harshen faɗa, da kunne yake aiki, shi ya sa baitinsa ba ya ɗingishi.

To me ya hana marubucin yau ya rubuta abin da bakinsa yake faɗi? Me ya sa ba za a rubuta taransifa ba, alhali kowa a gaban mai POS haka yake cewa? Na yi wa wasu abokaina wannan tambaya, amsar ɗaya ce: zai zama abin dariya, za a ce ba ka iya Turanci ba. Wato kunya ce. Haruffan Turancin takardar shaida ce da marubuci yake ɗagawa. Ni ma ina jin wannan kunyar, in na ga risfansabiliti a rubuce sai in ji wani iri, kuma ba na cewa a rubuta ta haka, tunda muna da alhaki da nauyi. Amma asibiti da gwamnati da lasifika duk sun taɓa zama baƙi a takarda, wani ne ya daure ya rubuta su yadda ya ji. Jaridar da aka kafa a Zariya a 1939, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, kalmar aro ce a ƙarshen sunanta, Gaskiya Ta Fi Kwabo, kuma ba wanda yake jin copper a ciki. Turancin kansa haka ya yi wa dubban kalmomin Faransanci bayan 1066, ya ja danninsu baya zuwa inda bakinsa ya fi so. Har yau ba su gama da garage ba: a Ingila galibi gaɓar farko ake dannawa, a Amurka ta biyu. Ga Turancin Nijeriya ma da nasa dannin, mu ne muke cewa ma-DAM da edu-CATE, kuma Munzali Jibril ya nuna tun a digirinsa na Lancaster a 1982 cewa furucin Turancin Bahaushe daban yake da na mutanen kudu. Saboda haka ko marubuci ya bar kalmar da haruffanta na asali, bai tsare wani furuci guda ba. Ya dai ƙi zaɓa ne.

Titi kuwa bai daina aikinsa ba. Janareta, taransifoma, kwamfuta, caji, alat, duk a zamaninmu ko gab da shi aka tauna su, kuma waɗanda suka tauna ɗin ba su nemi izinin kowa ba. Injin yana nan da ransa a kasuwar Gaya da tashar Wudil. Marubuta ne suka daina zuwa ɗaukar kaya daga wurinsa.

Akwai wani abu da ya kamata in amsa a kanmu, don kada a ce na ga na Turanci ban ga namu ba. Rubutun bokon Hausa shi ma ɓoyo yake yi. Ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Ɗan umarnin nan nawa da yake yanka gaɓa cikin layi ashirin, da na ce ya auna nauyinsu sai ya tsaya cik, domin fari na launi da fari na rashin ruwa da fari na ƙwari duk haruffa huɗu ne iri ɗaya a wurinsa. Ajami ya fi boko gaskiya a kan tsawon wasali, ƙamusun Bargery na 1934 kuma ya sa alamun karin sauti, amma rubutun yau da kullum ya bar su. Bambancin shi ne, abin da boko ya ɓoye yana kunnen mai karatun Hausa tun yana goye, jimla tana tuna masa. Abin da haruffan Turanci suka ɓoye ba ya kunnen yarinyar Gafasa, kuma makaranta ba ta sa mata shi ba. Da an rubuta mata kalmar aro da harafin Hausa, ko ba alamar kari, bakinta zai ba ta kari da kansa, irin na siminti da farfesa, kuma sau da yawa zai faɗa daidai.

A darena na ƙarshe aka ci gaba da labarin. Na lura ƙanwata ta samo dabara: in ta hango doguwar kalma tafe, sai ta musanya ta da Hausa tun kafin ta iso, ba tare da ta rage gudu ba. Inda aka rubuta misunderstanding ta ce saɓani, inda maigidan ya sake ɗauko kalmarsa ta ce alhaki. Karatu ya tafi ba tuntuɓe har ƙarshen shafi. Gwaggo ta yi shiru tana jan carbi, can ta ce, "Wai ni mijin nan lafiya kuwa? Yau na ji ya yi sanyi, ba ya yi mata wannan yaren nasa."